Zaƙami da ƙwayar Exol: me ya sa mai shan su yake hira da mutanen da ba su nan?

Tambaya: "Likita, ƙanena ɗan shekara 19 ya je biki, abokai suka ba shi shayi, daga baya muka ji ashe da 'ya'yan zaƙami aka dafa. Ya kwana biyu yana sambatu, yana gaisawa da mutanen da mu ba ma ganinsu, yana tsince-tsince a jikin tabarma. Da ya dawo hayyacinsa bai tuna komai ba. Wasu a gida sun ce iska ce ta taɓa shi, wasu sun ce irin abin da ƙwayar Exol ke yi ne. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma zai iya bar masa taɓin hankali?"

Malam, Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya kiyaye gaba. Waɗanda suka kawo zancen Exol sun yi kusa da gaskiya, domin zaƙami da Exol wuri ɗaya suke kamawa a ƙwaƙwalwa. Game da taɓin hankali kuwa, mafi yawan waɗanda suka sha sau ɗaya suka farfaɗo sukan warke sarai, sai dai ɗan ruɗewa, kasala da hazo a ido da kan ɗauki wasu kwanaki. Idan aka wuce mako guda yana jin muryoyi, ko yana zargin mutane, ko barci ya ƙaurace masa, to a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, wataƙila akwai wata lalurar da ke ɓoye tun da farko. Abin da na fi so ka gane shi ne, a kwana biyun nan ba hankalinsa kaɗai ke cikin hatsari ba, ransa ne.

Jijiyoyin jikinmu suna aika wa juna saƙo ne ta hanyar wasu sinadarai. Ɗaya daga cikinsu shi ne asetilkolin, wanda aikin Henry Dale na Ingila da Otto Loewi na Ostiriya ya fito da matsayinsa, har aka ba su kyautar Nobel a 1936. Shi ne ke umartar baki ya kawo yawu, fata ta yi gumi, ƙwayar ido ta tsuke idan haske ya yi yawa, hanji ya motsa, mafitsara ta saki fitsari, zuciya ta sassauta gudu. A cikin ƙwaƙwalwa kuma shi ke riƙe da natsuwa, da mayar da hankali kan abu, da ajiye sabon abin da ya faru. Yana yin wannan ne ta hanyar shiga wasu 'yan mashigai da ke jikin jijiyoyi, iri 5 ne, likitoci na kiransu mashigan maskarinik. Zaƙami yana ɗauke da sinadarai 3 masu ƙarfi: atirofin, hayosiyamin da sikofolamin. Siffarsu ta isa su shiga waɗannan mashigan, amma ba sa kunna komai. Kamar makullin da ba na kwaɗon ba ne ya shiga ya maƙale: bai buɗe ƙofa ba, ya kuma hana na ainihin shiga. Duk maganin da ke yin haka shi ake kira mai toshe asetilkolin, kuma suna da yawa a kantin magani fiye da yadda mutane suke zato.

A nan ne nake yawan saɓawa da masu jera zaƙami a sahu ɗaya da wiwi, ko da ƙwayar maye ta LSD da ake ji a ƙasashen Turai. Wanda ya sha LSD, wanda ke aiki ta wani sinadarin daban mai suna sirotonin, yakan ga launuka suna rawa, bango yana numfashi, amma galibi ya san cewa ƙwaya ce ke masa wasa, ya san sunansa, ya san inda yake, washegari kuma zai ba ka labari. Mai zaƙami ba haka yake ba. Abin da ke samunsa ruɗewa ce irin ta wanda zazzaɓi ya hau wa ka. Abubuwan da yake gani ba na ban mamaki ba ne, na yau da kullum ne: abokinsa zaune a bakin gado, kakarsa da ta rasu tana shigowa da ƙwarya, kare a tsakar ɗaki, tururuwa ko gizo-gizo suna bin hannunsa, wani lokaci 'yan ƙananan mutane masu tsawon yatsa suna kai da kawo. Kuma a wurinsa babu ko ɗigon shakka cewa suna nan. Ba abin da za ka faɗa masa ya yarda.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan irin wannan maras lafiya a ɗakin gaggawa ya san hoton. Yatsunsa ba sa hutawa, yana tsinkar zaren da babu a jikin zanin gado, yana kai wa baki. Zai ɗaga yatsu biyu kamar mai riƙe da sigari, ya zuƙa, can sai sigarin ya "faɗi", ya duƙa yana lalube a ƙasa. Ka kira sunansa zai juyo, ya fara ba ka amsa daidai, kafin ya kai ƙarshen jimla ya zarce wani zancen da wani wanda ke bayanka a ganinsa. Maganar ma ba ta fita sosai, ƙunƙuni ne, kamar an cika masa baki, saboda harshe ya bushe ƙamas. Yana son cire riga, yana son tashi ya fita, bai san ina za shi ba. Tsince-tsincen da ka gani a jikin tabarma yana cikin alamomin da likita ke fara dubawa.

Me ya sa ƙwaƙwalwa ke ƙirƙiro mutane? Ko a lafiyayyen mutum, ƙwaƙwalwa ba ta zama ta jira ido ya kawo mata komai, tana hasashen abin da ya kamata ta gani daga abin da ta saba. Asetilkolin na cikin abubuwan da ke tilasta mata ta fifita saƙon ido da kunne a kan hasashenta. Da an toshe shi, sai abin da ke cikin kai ya rinjayi abin da ke waje, shi ya sa mutanen da ya saba da su ne ke bayyana. Akwai wata cutar mantuwa ta tsofaffi da ake danganta ta da sunan likita Lewy, wadda asetilkolin ke raguwa sosai a cikinta, su ma masu ita sukan ga mutane da dabbobi ƙuru-ƙuru a ɗaki.

Rashin tunawar ma daga nan take. Sashen ƙwaƙwalwa da ke rubuta sabon abin da ya faru ya dogara ƙwarai da wannan sinadarin. A 1974 wasu masu bincike biyu a Amurka, Drachman da Leavitt, sun bai wa matasa lafiyayyu sikofolamin, suka tarar ƙarfin tunawarsu ya koma kamar na tsofaffi har maganin ya sake su. Saboda haka ƙanenka ba ɓoye muku yake yi ba, ba kuma kunya ce ta hana shi faɗa ba. Abin bai rubutu ba tun farko. A farkon ƙarni na 20 likitocin garin Freiburg na Jamus sun yi amfani da wannan halin da gangan: suna haɗa sikofolamin da mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, su ba mace mai naƙuda. Zafin bai tafi duka ba, ana ma ɗaure wasu a gado saboda fisge-fisge, amma idan ta farka ba ta tuna komai. An yi yayin abin har Amurka kafin a watsar da shi.

Labarin ma ya girmi haka. A 1676 wasu sojojin Ingila da aka tura Jamestown a yankin Bajiniya, cikin Amurka ta yau, don murƙushe tawaye sun dafa ganyen wani ɗan'uwan zaƙami suka ci a matsayin kayan lambu. Wanda ya rubuta tarihin yankin a 1705 ya ce wani ya dinga hura gashin tsuntsu sama, wani yana jifansa da tsinke, wani ya tuɓe tik ya zauna a lungu yana washe baki. Sai da aka tsare su don kada su halaka kansu. Bayan kwana 11 suka dawo daidai, babu wanda ya tuna abin da ya yi.

Yanzu ga inda rai ke shiga. Tunda asetilkolin ne ke kawo gumi, wanda aka toshe masa shi ba ya gumi. Ga shi yana ta fisge-fisge, tsoka na ƙara haifar da zafi, ga babu hanyar fitar da shi. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin rana ke haura digiri 40, saurayi a wannan hali cikin ɗaki mai rufin kwano zai iya kai matakin da ƙwaƙwalwa, ƙoda da hanta ke lalacewa. Zuciya na gudu, mafitsara ta cika tam amma fitsari ya ƙi fita, wanda shi kansa ke ƙara masa tashin hankali. Wasu sukan yi jijjiga, wasu su suma. Wasu kuma ba gubar ce ke kashe su kai tsaye ba: rijiya ce, ko titi, ko kogi, domin mutum yana tafiya ne a cikin garin da shi kaɗai yake gani.

Littattafan koyon likita sukan ce fatar mai wannan guba tana yin ja. A fatarmu ba kasafai za ka ga jan ba, don haka ni nakan ce wa ɗalibai su sa hannu a hammatarsa. Mutum yana ta kokawa, jikinsa rau da zafi, amma hammata a bushe, baki a bushe, ƙwayar ido ta buɗe ta yi faɗi ko an haska tocila ba ta tsukewa: to a fara tunanin zaƙami da danginsa. Wanda ya sha hodar iblis ko ƙwayoyin ƙara kuzari shi ma idonsa kan buɗe, zuciyarsa ta yi gudu, amma shi sharkaf yake da gumi.

Batun iska kuwa, ba zan yi jayayya da kowa kan abin da ya yi imani da shi ba, addu'a kuma ba ta taɓa hana magani aiki. Abin da nake roƙo shi ne kada a rufe mutum a ɗaki ana hayaƙi da ruƙiyya har kwana biyu alhali jikinsa na ƙuna. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya da zafin jiki tana iya zama zaƙami, tana iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka, ko sanƙarau, ko sukarin jini da ya faɗi. Dukkansu suna kisa idan aka yi jinkiri, kuma ba a bambance su da ido a tsakar gida. A yi addu'ar a hanyar asibiti.

Samari sukan ce ai sun san "daidai" ɗin da za su sa. Babu wanda ya sani. Zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro ko babba-jibji, yana fitowa a kan juji da bayan gari, da farin fure mai kama da kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, kuma ƙarfin gubarsa na bambanta daga tsiro zuwa tsiro, daga ganye zuwa iri, daga damina zuwa rani. Abin da ya sa wani dariya jiya shi zai kwantar da wani yau. Akwai kuma tarko na biyu: gubar tana tsayar da hanji, sai ta riƙa shiga jini a hankali. Yaro ya sha, ya jira, bai ji komai ba, ya ƙara. Daga baya duka su taso masa lokaci guda, kuma shi ya sa abin ke jan kwana ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Tazarar da ke tsakanin abin da ke sa gane-gane da abin da ke kai mutum kushewa ƙanƙanuwa ce. Masu zuba shi a shayi ko kunun biki don a yi dariya, a ganina, ba wasa suke yi ba, guba suke bai wa mutane.

Ba sai da ganganci ma ake shan sa ba. A watan Maris na 2019, a yankin Karamoja na Uganda, garin kunun tallafi da ya gauraya da irin wannan tsiro ya kwantar da mutum wajen 300, 5 suka rasu. A watan Disamba na 2022 a Ostireliya an janye ganyen alayyafo daga kantuna bayan an gano ciyawar ta shiga cikinsa lokacin girbi, mutane da dama suka je asibiti suna gane-gane. Idan gida guda suka ruɗe bayan cin tuwo ɗaya, a duba hatsin.

Exol kuwa, da Artane, sunayen kasuwa ne na magani ɗaya, benzekzol. Magani ne na gaske mai amfani. Ana ba masu cutar karkarwa ta Parkinson, ana kuma haɗa shi da magungunan taɓin hankali irin su halofiridol don hana sanƙarewar wuya, karkarwa da juyewar ido da suke jawowa. Matsalar ita ce, ɗan abin da ya haura ƙa'ida yana sa wasu jin nishaɗi da sakin baki, wannan ne ya fitar da shi daga asibiti zuwa hannun 'yan ƙwaya, har hukumar NDLEA take yawan kama shi tare da taramol. Da an ƙara yawa sai a faɗa cikin ruɗewa iri ɗaya da ta zaƙami. Bambancinsu shi ne, da wuya ka ga wanda ya sha zaƙami ya ji jiki yana marmarin komawa, amma Exol yana kama mutum, jiki ya saba, ya dinga neman ƙari. Masu haɗa shi da taramol kuma suna ƙara wa kansu hatsarin jijjiga.

Danginsu a kantin magani sun haɗa da difenhaidiramin da ke cikin Benadryl da wasu magungunan tari, da Phenergan, da Piriton, da amitiriptilin da ake bayarwa don ciwon damuwa da ciwon jijiya, da oksibutinin na masu yawan fitsari. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan yara sun fara gasar shan Benadryl a TikTok don su ga gane-gane. Difenhaidiramin da amitiriptilin sun fi muni idan an sha da yawa, domin bayan ruɗewa suna rikita saƙon lantarkin da ke tafiyar da bugun zuciya. Buscopan na ciwon ciki shi ma ɗan gidan ne, sai dai an ƙera shi ta yadda ba ya ƙetarawa ƙwaƙwalwa sosai. Shi kansa atirofin kada a ɗauka mugu ne: shi ne ke ceto ran wanda ya sha fiya-fiya, domin ita fiya-fiya cika jiki take yi da asetilkolin, mutum ya dinga dalalar da yawu da gumi, akasin zaƙami sak.

Idan Allah Ya kiyaye abin ya sake faruwa da wani, a kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar abin da ya sha ko kwalin ƙwayar. Kafin a isa, a rage masa kaya, a jiƙa jikinsa da ruwa ana fifita, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai, wanda ba ya cikin hayyacinsa yana iya shaƙewa abin ya tafi huhu. Kada a ɗaure shi da igiya: yana ja yana turjewa, zafi na ƙaruwa, tsoka na narkewa, dattinta ya toshe ƙoda. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Sai kuma kuskuren da na fi jin takaicinsa, wanda ake yi a ƙananan shagunan magani: a ga mutum yana hauka a yi masa allurar Largactil ko Phenergan "don ya kwanta". Su ma suna toshe asetilkolin, wato an ƙara masa gubar da ake son cirewa. A asibiti dayazifam ko danginsa ake bayarwa don kwantar da shi, a sa masa ruwa, a sa robar fitsari, a sanyaya jiki, a duba bugun zuciya da na'ura.

Makarin gubar kuwa daga Najeriya ya fito. A yankin Kalaba akwai wani wake da ƙabilar Efik ke kira esere, wanda a da ake bai wa wanda ake zargi da maita ya ci: in ya amayar ya tsira, in ya mutu an ce laifinsa ya tabbata. 'Yan mishan na Sikotland suka kai shi Edinburgh, babban birninsu, a 1864 aka ware sinadarin da ke cikinsa, fisostigmin. A shekarar ce kuma wani likita a birnin Prague, Kleinwächter, ya yi amfani da ruwan waken ya farfaɗo da fursunan da ya sha atirofin yana zaton giya ce. Fisostigmin yana hana jiki rusa asetilkolin, sai ya taru ya ture gubar daga mashigan, kuma yana shiga ƙwaƙwalwa. Mutumin da ke ta sambatu kan iya buɗe ido cikin 'yan mintuna ya tambayi inda yake. Aikinsa gajere ne, ruɗewar na iya dawowa, kuma ba a ba wanda amitiriptilin ya riga ya taɓa wa zuciya. Abin takaici, ba kowane asibitinmu ke da shi ba, ko a Amurka ma ya yi ƙaranci a 'yan shekarun nan. Ɗan'uwansa neyostigmin da ake samu a ɗakin tiyata ba ya maye gurbinsa, don ba ya ƙetarawa ƙwaƙwalwa.

Sojojin Amurka sun ga wannan ruɗewar sun yi sha'awarta a matsayin makami. A shekarun 1960 sun gwada wani sinadari mai suna BZ a kan sojojinsu a sansanin Edgewood, wanda ke gusar da hankali har kwana 3, daga baya suka lalata abin da suka tara. A Kolombiya ɓarayi na zuba sikofolamin a abin sha su yi wa mutum ƙarƙaf, ya farka bai san wa ya yi masa ba. Wannan gaskiya ne. Amma saƙonnin WhatsApp da ke cewa taɓa takarda ko gaisawa da hannu na sa mutum ya miƙa dukiyarsa, ba su da tushe. Sinadarin ba ya ratsa fata da irin wannan saurin, hatta filastarsa ta masu amai a tafiya sai ta yi awanni kafin ta fara aiki. Kofin da aka miƙo maka shi ne abin lura.

Masu shiga wannan hali ba tare da kowa ya lura ba su ne tsofaffi. Asetilkolin ɗinsu ya riga ya ragu, ga shi ana tara musu magunguna: Piriton don ƙaiƙayi, amitiriptilin don ƙafa mai zugi, wani don fitsari, wani don tari. Kowanne shi kaɗai ba laifi, amma idan suka haɗu sai Baba ya fara rikicewa da dare, yana ganin baƙi a ɗaki, ga bushewar baki da taurin bayan gida, a ce ai tsufa ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015, wanda ya bi mutum 3,434 masu shekara 65 zuwa sama, ya nuna waɗanda suka sha irin waɗannan magunguna kullum na kimanin shekara 3 ko fiye sun fi sauran kamuwa da cutar mantuwa da kashi 54 cikin 100. Binciken bai tabbatar da cewa maganin ne sanadi ba, amma ya isa ya sa likita ya yi taka-tsantsan. Idan akwai tsoho a gidanku da ya fara ruɗewa bayan an sauya masa magani, a kwashi duk ledar magungunansa, har da na gargajiya, a kai wa likita ko masanin haɗa magunguna ya duba. Kada dai a tsayar da Artane ko amitiriptilin rana ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha bisa umarnin likita, domin hakan na kawo amai, gumi, rashin barci da dawowar karkarwa. A hankali ake rage su, kuma likitan ne zai tsara yadda za a yi.